Ƙofar da Aka Buɗe Ƙarfe Sha Ɗaya

Ranar Lahadi muka yi faɗa da Rilwanu a ƙofar gidanmu na Gwarinpa. Shekara biyu yana jira in yarda a sa mana rana, ni kuwa amsata ɗaya: wa zan bar wa Baba? Tun rasuwar Umma mantuwa ta kama shi, wani lokaci ko sunana sai ya lalubo. Yayyena uku kowa na gidansa, taimakonsu na fatar baki ne.

Rilwanu ya ce ai shi ya sa ya ɗaura mana na'urar tsaro, tunda sana'arsa ce. Da an buɗe ƙofa saƙo zai faɗo guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, kowa ya gani, har da shi Rilwanun. Na ce na'ura ba ta riƙe hannun tsoho. Na ce in ya gaji ya nemi wata, 'yan mata ba su ƙare a Abuja ba. Wallahi bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta ciki. Ya ja motarsa ya tafi.

Ita dai na'urar tana aikinta. Salla ce kaɗai Baba bai manta ba, sau biyar yake fita masallacin layinmu tare da maƙwabcinmu. Duk fitar da ya yi saƙo zai shigo, "An buɗe ƙofa," yayyena su rubuta "Allah ya karɓa." Har ya zama musu jiki, ko lokacin ba sa dubawa.

Ranar Talata ina mitin da ogana a ma'aikata, wayata na jaka. Sha biyu da rabi na fito na duba. An buɗe ƙofa sha ɗaya da minti huɗu. A ƙasa Yaya Manniru ya rubuta "Allah ya karɓa," sauran biyun suka ce amin.

Don Allah wace salla ake zuwa jam'i ƙarfe sha ɗaya na safe?

Na kira Iya Kubra mai kula da shi. Ta ce tana shanya a baya, ta ɗauka barci yake. Na ji ta buɗe ɗakinsa, na ji salatinta. Ban san yadda na sauko daga bene ba. Na faɗa mota. Manyan titunan nan kawai nake gani a idona, da Baba a tsakiyarsu da carbinsa. Girman kai ya gudu, na kira Rilwanu ina kuka.

"Hafsah, ki nutsu... yana tare da ni. Ki taho Zuba, kasuwar 'ya'yan itace."

Ashe saƙon na shigowa ya dubi agogo, ya bar aikin da yake yi a Maitama. Da bai same shi a layinmu ba, ya tuna hirar da Baba ke maimaita masa kullum, ta rumfar lemon da ya yi shekara talatin a cikinta a Zuba. Can ya same shi, ashe motar haya ya hau. Mu 'ya'yansa mun daɗe da gajiya da labarin nan, shi ne kaɗai ke zama ya saurara.

Na same su a kan benci a rumfar wani bawan Allah. Baba na ware lemo, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, ƙafafunsa duk ƙura. Na durƙusa na kama gwiwarsa. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa.

Rilwanu ya sunkuyo ya ce min a hankali ba zai raba ni da Baba ba, shi zai tare a gidanmu. Na ce duk danginsa za su yi masa dariya, namiji a gidan surukai. Ya ce su yi, ai dariya ba ta kisa.

Baba ya taɓa kafaɗarsa. "Yaro, wannan yarinyar da ke ta kuka, 'yar wace ce?"

"'Yar mutumin kirki ce, Baba. Aurenta nake nema."

"Ubanta ya ba ka?"

"Ban samu na tambaye shi ba tukuna..."

Baba ya zaɓi lemo mafi girma, ya goge da hannun rigarsa, ya danƙa min.

"Share hawayenki, 'yata. Da ni ne ubanki, da yau ɗin nan na ba shi."