Ba a Ga Gawa Ba

Duhun magariba ya fara sauka lokacin da Loretta Gaskins ta isa kotun gunduma. Wani mutum, Dale Purvis, ke neman auren 'yarta, ita kuwa hankalinta bai kwanta da shi ba, shi ya sa ta zo duba ko ya taɓa aikata laifi. Akawu ya tura ta ɗakin ƙasa, inda ake ajiye tsoffin shari'u.

Ɗakin sanyi ƙalau, sai warin laka. Wata mata na zaune a kan benci ba takalmi, ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Takardun Dale kike nema, ko?" in ji matar.

Loretta ta ja da baya, don ko akawun ba ta faɗa wa sunan ba.

"Kar ki wahalar da kanki, 'yar'uwa. Sallamarsa aka yi, wai ba a ga gawa ba. Ba wanda ya leƙa rijiyar gonarsa."

"Gawar wa?"

Matar ta ɗago kai a hankali. Nan Loretta ta lura tururin numfashinta ne kaɗai ke tashi a ɗakin, na matar babu. Sai idonta ya sauka a wuyan matar, ta ga shatin yatsu, baƙi ƙirin.