Raƙuma Biyu da Mobilet Ɗaya

Ranar Juma'a, rana ta kusa faɗuwa, aka shigo da gawar Amani garin Dakoro bisa raƙumi. Shekara ta uku ke nan da samun mulkin kai, kuma Amani shi ne sabon mai kai wasiƙun gwamnati ƙauyen Bader Gula, saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu. Raƙumi na biyu yana biye, an ɗaure masa mobilet ɗin marigayin, ɗan ƙaramin babur, tsaf da igiya, kamar buhun gero.

Wanda ya jawo raƙuman tsoho ne, Mijinyawa, wanda ya riƙe aikin wasiƙun nan shekara ashirin da biyu kafin a sallame shi a ba Amani. Ya durƙusar da dabbobin a ƙofar biro, ofishin gwamnati, hawaye na bin gemunsa.

Anspekter Jimrau yana ciki. Ɗan sandan bincike ne daga Maraɗi, mai gajeren jiki da gajeren haƙuri, kuma satar shanu ce ta kawo shi. Har ya ɗaure kayansa zai koma gobe, sai ga wannan.

Mijinyawa ya ce tun safe ya fita neman taguwarsa da ta ɓace, sai ya iske yaron kwance a gindin wani gangare mai fako a hanyar Bader Gula, wuya ya karye, jakar wasiƙu na rataye a kafaɗarsa. Jimrau ya duba gawar, babu sara, babu suka. Ya gwada juya injin mobilet ɗin, ya ƙi motsi ko kaɗan. Ya ɗan tsaya yana kallon ƙullin igiyar.

Kafin ya rufe littafinsa mutanen gari sun gama shari'a. Kowa ya san Attaher, wan marigayin, shi ne ya yi wata biyu yana kwance mobilet ɗin nan yana ɗaurawa a tsakar gidansu don ya ƙara masa gudu. Ba a ma je kamo shi ba, shi ya zo da ƙafarsa ya miƙa wa gardi, dogaran gwamnati, hannu biyu.

"Ni na kashe shi," in ji Attaher. "Ku rufe ni."

Uwarsu Mariama tana bayansa, zane ya kwance mata ba ta ma sani ba. A gaban jama'a ta ce masa muddin tana numfashi kada ya sake taka mata zaure. Gardi suka wuce da shi kaso suka kulle, suna murna aiki ya zo musu da sauƙi, Litinin sai a tura shi Maraɗi gaban alƙali.

Jimrau kuwa ba abin da ya tsana kamar ƙarar da ta rufe kanta. Asabar da hantsi, bayan an dawo daga maƙabarta, ya sa aka fito masa da Attaher.

Tsohon soja ne, a garejin soja ya koyi taɓa ƙarfe. Yana magana kansa a ƙasa. Ya ce mobilet ɗin da aka ba ƙanensa rago ne, in ya shiga yashi sai an sauka an tura, har yaran gari suna bin Amani da waƙa. Shi ne ya cire kan injin, ya goge shi bisa fasasshen madubi da lallausan yashi har kwana tara. Ya faɗaɗa ƙofofin numfashinsa da magagari, ya buɗe kafar shan isansi, wato fetur, da allurar ɗinkin uwarsu, bututun hayaƙin kuma ya gasa shi a murhu ya kakkaɓe kunkunniyar. Da ya gama, abin da ke rarrafe ya koma yana tashi sama.

"Ka taɓa birkin?"

"Sabon fata na sa mashi."

"To me ya kayar da shi?"

"Inji ya cije yana cikin gudu, ƙafar baya ta tsaya cak. Na goge kan ya wuce kima, anspekter. Hannuna ne."

Jimrau ya ce shi bai san inji ba, amma ya san mutumin da ke son a hukunta shi, kuma irinsu ba a yarda da shaidarsu. Ya sa aka turo mobilet ɗin inuwar bishiyar bedi, ya ce Attaher ya buɗe shi a gabansa.

Attaher ya cire buji, fulogin injin. Ya dube shi, fari fat, busasshe. Ya zare kan injin, ya sa yatsa cikin silinda ya fito da shi, babu ko maiƙo. Nan ya ɗago kai a karon farko.

Ya ce irin wannan ƙaramin inji ba shi da wurin ajiye baƙin mai daban, a cikin isansin ake zuba masa, su tafi tare. Tun da ya ƙara masa gudu, finjalin shayi biyu yake sa wa kowace kwalba, kuma ba ya barin kowa ya haɗa, ko Amani. Jiya da safe shi ya cika tankin da hannunsa.

Jimrau ya yage takarda daga littafinsa, ya ɗiga mata abin da ya rage a tanki. Ya aika gidan su Attaher aka kawo ragowar haɗin jiya, ya ɗiga a gefe. Suka zauna suna kallo. Ɗigon gida ya bar tabon maiƙo. Na tankin ya bushe ya tafi, takarda ta koma fara kamar ba a taɓa ta ba.

"Wanga ba haɗina ba ne," in ji Attaher a hankali.

"Na gani. Ina Amani ya ajiye mobilet ɗin bayan ya bar gida?"

A rumfar bayan biro, nan yake barinsa ya karɓi jaka, ya je masallacin Juma'a, in rana ta ɗan yi sanyi ya kama hanya. Jimrau ya je rumfar shi kaɗai. Bai sha wahala ba. A gindin dirka an tara sabon yashi da ƙafa, ya tona da sanda, sai ga ƙasa baƙa tana warin isansi. A nan aka tsiyaye haɗin Attaher, lokacin da gari duk yana sahu.

Mutum ɗaya ke sayar da isansi a Dakoro, Nagoggo, mai duro biyu a bakin kasuwa. Da ya hango Jimrau ya shimfiɗa tabarma, ya aika a kawo fura, ya shiga rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Wai shi abokan cinikinsa uku ne rak: direban kumandan mai mulkin garin, gidan likita, da Attaher. Ko kwalba ɗaya bai sayar wa wani ba cikin makon nan.

Jimrau bai sha furar ba. Ya ce to madalla, tun da isansi bai fita ta hannun kowa ba, mai duro shi zai raka Attaher Maraɗi, su yi wa alƙali bayani tare. Ya miƙe yana kakkaɓe wando.

Nagoggo ya riƙe masa riga. Wallahi mantuwa ce, yanzu ya tuna. Ranar Laraba Baba Mijinyawa ya karɓi kwalba huɗu, ya ce kaska ta dami raƙumansa. Ya kuma roƙe shi kada ya faɗa, don kada makiyaya su yi masa dariya.

"Kai ka taɓa ganin an shafa wa raƙumi isansi?"

"Ni ɗan kasuwa ne, ranka ya daɗe. Ban tambaya ba."

"Shi ya sa aka binne yaro yau da safe," in ji Jimrau, ya bar shi tsugune.

Gidan Mijinyawa yana ƙarshen gari, ta arewa. Jimrau ya je da gardi biyu da la'asar, ya bar su a waje. Tsohon yana zaune gaban raƙumansa yana gyaran akala. A bango tsohuwar jakar wasiƙunsa ce rataye, an shafe ta da man shanu tana ƙyalli, alhali wata huɗu ke nan ba a sa mata ko takarda ɗaya ba.

Jimrau ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya ko taguwar da ta ɓace ta dawo. Mijinyawa ya ce ba ta dawo ba tukuna. Jimrau ya ce abin mamaki, maƙwabta sun ce raƙumansa biyu ne tun bara, ga su kuma duka biyun a turke.

Tsohon ya ci gaba da murza akala.

"Baba, ka ce tun safe ka fita. Mai tallan goro ta ga ka fita bayan an sauko Juma'a, Amani na wucewa kana bin sawunsa. Kuma wanda zai nemi dabba ɗaya, me zai sa ya ja raƙumi na biyu da sirdin kaya, da igiya har huɗu? Na ga ɗaurin mobilet ɗin nan jiya. An yanka igiyoyin daidai tsawonsa tun daga gida."

Jimrau ya duƙa ya shafa wuyan raƙumi ɗaya, ya ce fatar nan lafiya lau, babu kaska, babu ƙunar isansi. Sai Mijinyawa ya ajiye akalar.

Ya ce shekara ashirin da biyu yana bin hanyar nan, da zafi da damina, takarda ɗaya ba ta taɓa jiƙewa a hannunsa ba. Nasara ya tafi, ya yi murna kamar kowa, ya ce yanzu namu sun hau za su san darajarsa. Sai aka kira shi biro aka ce an gode, zamani ya canja. Ya haƙura, don yana ganin ƙarfen nan yana kafewa a yashi, ya san za a dawo a neme shi. Sai Attaher ya ba ƙarfen ƙafa. Tafiyar da yake yi kwana biyu, yaro ya koma yana yin ta tsakanin azahar da magariba.

"A majalisar shayi Attaher ya dube ni gaban mutane, ya ce raƙumi ya bi Nasara gida. Aka yi ta dariya. A nan kuma ya ce injin nan in an hana shi baƙin mai ba ya kai awa guda. Ni na ji, na riƙe."

"Sai ka tsiyaye tankin, ka cika shi da isansi zalla."

"So nike ya mutu mashi a hanya, ya tsaya kamar jakin da ya gaji. In zo in iske shi zaune, in ba shi ruwa, in ɗora ƙarfen bisa raƙumi in ratsa kasuwa da su, kumandan ya gani da idonshi. Har salka na cika mashi, anspekter. Har dabino na ɗauka." Ya dubi raƙumansa. "Ni raƙumi na sani. Dabba in ta gaji sai ta rage tahiya, ta durƙusa. Ban san ƙarfe yana tsayawa lokaci guda ba. Yaron nan ni na koya mashi hanyar."

Jimrau ya rufe littafinsa. Ya kama ɓarayi da masu kisa da yawa, bai taɓa kama wanda ya kai wa mamacinsa guzuri ba.

"Kana gani aka rufe Attaher, uwarsa ta kore shi, ka yi shiru."

"Na yi shiru," in ji tsohon. "Na ce shi ma ya ɗanɗana."

Ya miƙa hannuwansa. Gardi suka ɗaure shi da igiyar da ya yanka wa mobilet, suka ratsa kasuwa da shi a ƙasa, mutanen da suka yi masa sannu jiya suna tofar da yawu.

Jimrau da kansa ya buɗe wa Attaher kaso, ya ce ba shi da laifi gaban doka, kuma zai raka shi gida ya gaya wa tsohuwa da bakinsa. Suka tafi tare. Attaher ya tsaya a bakin zaure, bai shiga ba.

Mariama ta fito da carbi a hannu, mata masu zaman makoki suna leƙe ta bayanta. Jimrau ya yi mata bayani dalla-dalla, tun daga takarda har igiya. Ta saurara har ya gama, ba ta dubi ɗanta ba ko sau ɗaya.

"Ɗan nan, in tambaye ka," ta ce. "Da ƙarfen yana tahiyarshi ta da, wadda yara ke bin shi da ƙafa, in ya tsaya hakanan, da Amani ya mutu?"

Shekara goma sha ɗaya Jimrau yana aikin nan bai taɓa yi wa mai makoki ƙarya ba, yau kuma ya so ya yi. Attaher ne ya riga shi.

"Da gwiwa kawai zai kuje, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro allurar ɗinkin nan da aka buɗe kafar isansi da ita, ta ajiye a ƙasa gaban ƙafarsa. Sannan ta koma ciki ta saki asabari.