Maƙabartar Littattafai a Tudun Wada

Kwanaki kaɗan bayan rasuwar Malam Hamidu, mai kula da ɗakin karatu na Tudun Wada, wani dattijo Malam Jibrin ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Littafin fiƙihu na rubutun hannu da ya ajiye a ɗakin don amfanin jama'a ya ɓace. Mutanen gari suna cewa marigayin ne ya kai gida, har ana shirin bincike ɗakin matarsa Baturiya, alhali tana cikin takaba.

Sufeto Abdussalami ya isa ɗakin karatun da hantsi. Ɗakin shiru, sai warin tsohuwar takarda, ga buzun marigayin a shimfiɗe ba wanda ya naɗe. Ubale, sabon akawun da aka turo daga Kiru, ya jawo akwatin katuna, kowane littafi da katinsa.

Sufeto ya tambayi ma'anar gajerun haruffan da ke jiki. Ubale ya ce "sh." shafi ne, "r.h." rubutun hannu, "ar." kuma yana hannun mai aro. A ƙasan katin littafin da ya ɓace an rubuta "bn."

"Wannan fa?"

"Alamar littafin da ya lalace ce, ranka ya daɗe. Marigayi ne ya sa."

"Ina yake kai waɗanda suka lalace?"

"Zubarwa yake yi, ina ji."

Malam Jibrin, da ya biyo Sufeto, ya rantse cewa a watan jiya ya duba littafin, ko gara ba ta taɓa shi ba.

Sufeto ya nufi gidan marigayin, ya yi ta'aziyya daga bayan zana. Da ya ambaci zubarwa, sai Baturiya ta ce, "Malam bai taɓa zubar da takardar da ke da sunan Allah ba. Binnewa yake yi. Ku je bayan ɗakin karatun, gindin tsamiya." Ta ƙara da cewa kowane rami yana kafa masa katanga, wato fasasshiyar tukunya, ya zana lambar littafin a kai.

Da Sufeto da Malam Jibrin da Ubale suka ratsa ciyawar bayan ɗakin, sai ga 'yan ƙananan kaburbura a jere, kowanne bai wuce kamu biyu ba, duk suna fuskantar gabas. Ko tsuntsu bai yi kuka a tsamiyar ba. Malam Jibrin ya tuɓe takalmansa ba tare da an ce masa ba.

Sufeto ya sa Ubale ya riƙa karanto lambar duk katin da ke da "bn.", wato binnanne, shi kuma yana neman katangarta. Kowace lamba aka kira, sai a same ta. Da Ubale ya kai ga katin ƙarshe, na littafin Malam Jibrin, ya kasa karantawa.

"Nuna mini inda aka binne shi," in ji Sufeto a hankali.

Ubale ya durƙusa. Ya ce shi ya ɗauke littafin, ya kwaikwayi rubutun marigayin ya sa alamar a katin, don ya lura littattafan da ke da alamar ba a nemansu. Wani mai haƙar kuza a Riruwai ne ya yi masa alkawarin aiki in ya kawo tsohon littafi. Littafin yana nan cikin akwatinsa, bai riga ya kai ba.

Aka sa masa ankwa. Malam Jibrin bai bi su ofis ba, sai ya juya gidan Baturiya neman gafara kan zargin da ƙararsa ta jawo wa mijinta.