Mataccen Cikin Kwalba

A tashar Dungas Hafizu ya fara ganin ta, rungume da kwali kamar mai jego. Shi ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, ita kuwa Nazifa ɗaliba ce a jami'a a Damagaram, ta zo hutu. Ashe ma garinsu ɗaya, Dogo-Dogo.

"A hankali don Allah," ta ce tana hawa moto. "Gilashi ne."

Suna shiga daji sai kwalin ya fara kuka, wani siririn kuka kamar na jinjiri a cikin rijiya. Hafizu ya taka birki.

"Malama, tsakaninki da Allah, me kika ɗauko?"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta buɗe masa. Kwalabe biyu ne, ɗaya zagayayya, ɗaya doguwa kamar gora, kowacce da ƙananan bututu huɗu a ciki. Iskar hanya ce ke busa su. Ta ce a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ana hura gas ta bututun, abin da ke cikin kwalba ya gauraya da kansa ba muciya, aikinta kuwa ta gano wace siffa ta fi gaurayawa.

Hafizu bai gane rabin zancen ba. Dariyar ya gane, kuma wallahi ita ta gama da shi.

Daga nan kullum la'asar yana zauren gidansu, yana buga mata famfon keke, tana tura hayaƙin turaren wuta a kwalba. A zagayayyar, hayaƙin kan juya ya baje ko'ina ya fice. A doguwar kuwa, wani dunƙule kan sauka gindi ya tsuguna, kai a sunkuye, ya ƙi motsi.

"Mataccen wuri muke ce masa," in ji ta, "don iskar bututun ba ta kaiwa can."

"Zifata, ni dai ba na son kallonsa."

"Matsoraci! To kalle ni."

Wata safiya Hafizu ya bar wayarsa tana caji a shagon Maiwada, wanda ya taɓa neman Nazifa ta ce karatu take. Inna Furera, mahaifiyar Hafizu, ta je karɓo wayar daidai lokacin da saƙo ya shigo. Maiwada, ɗan baƙin ciki, ya karanta mata da ƙarfi a gaban jama'a:

"Direbana, yau ma mataccen ya tsuguna a gindin kwalba, ya ƙi motsi. Ka zo mu ƙara masa iska. Na yi kewarka."

Matacce! Iska! Kafin azahar gari ya ɗauka cewa 'yar boko na kiwon fatalwa da iskoki a kwalba. Furera ta rantse muddin tana numfashi ɗanta ba zai aure ta ba.

Hafizu ya rubuta wa Nazifa: "Zifata, Inna ta ce in na sake taka gidanku ba ta yafe ba. Ni kuma ban san yadda ake barin ki ba."

Amsa ta zo: "Kada ka saɓa mata. Roƙe ta ta zo ta gani da idonta."

Furera ta zo kuwa, da rana tsaka, taɓarya a hannu, Hafizu na bin ta a baya. Nazifa ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta amsa ba. Aka kunna turare, aka hura. Dunƙulen ya sauka sannu a hankali, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

Sai taɓaryar ta suɓuce daga hannun Furera.

"Haka ya zauna," ta ce. "Malam. Haka muka same shi a gindin gawo, a gona."

Hafizu bai taɓa jin ta faɗi yadda aka tarar da gawar Malam, babansa, ba.

"Inna, hayaƙi ne," in ji Nazifa a hankali. "Iska ce ba ta kai masa."

"Na ji, 'yar nan. Kai masa."

Nazifa ta tura bututun ƙasa har suka kusa gindin kwalbar, ta dubi Hafizu. Ya buga famfon. Dunƙulen ya ɗaga kai, ya miƙe tsaye, ya zagaya sau ɗaya, ya fita ta bakin kwalbar, ya bi ta gefen fuskar Furera zuwa ƙofa.

"Allah ya jiƙan ka, Malam," ta ce. Ta daɗe tana share hawaye da bakin zane kafin ta dubi yarinyar. "Gaya wa babanki muna nan tafe da goro."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Furera ce da kanta ta riƙe hannunta har ɗaki.

"Tun rasuwarsa a tsugune nake mafarkinsa," ta raɗa mata. "Yanzu a tsaye nake ganin sa, yana tafiyarsa. Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya zaunar da ku lafiya."