Gwangwanin Fatsar Malam Tsoho

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara zance ba. Ƙanana na rubuta mawa. In kun ga kuskure ku rufa mani asiri.

A wani ƙauye kusa da Faskari akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da kaka, ana ce mashi Malam Tsoho. Idonshi ya yi rauni, amma kullum da hantsi sai ya je rafin bayan gari ya yi fatsa. Ba abin da yake so kamar wannan.

Baban yarinyar kuwa hankalinshi bai kwanta ba.

"Malam, ka bar zuwa rafin nan," in ji Baba. "Ba ka gani sosai. Ranar da ka ji ciwo, to an gama."

Malam Tsoho sai ya yi dariya. "Hannuna na gani, Uwais. Ka tambayi gwangwanina."

Tsohon gwangwanin biskit ne, duk ya lotse. A ciki yake ajiye ƙugiyoyi, da zare, da dalma mai nutsar da ƙugiya. Akwai kuma guntayen toton kara da wani baƙin tsumma mai maiƙo.

In zai fita sai ya tsokani jikarshi. "Amarya, ɗauko mani dukiyata."

"Wannan ce dukiya? Ni dai ba ni auren mai lotsattsen gwangwani."

"To ki sai mani sabo mana, marowaciya."

Ana nan sai gwaggonta ta zo daga Ƙanƙara. Ta kawo mata akwatin roba ruwan hoda, mai 'yan ɗakuna a ciki, don ta zuba 'yan kunne. Yarinya ta duba shi, ta duba. Ta ce a ranta, Malam Tsoho ya fi ni buƙata.

Da ya tafi sallar la'asar sai ta ɗauko gwangwanin. Ta ga ƙugiyoyi duk a soke jikin toto. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta watsa su wuri guda a sabon akwati. Toto da tsumma kuwa ta ce shara ce, ta kai juji.

Da safe kafin ta tafi makaranta ta miƙa mashi. Ya shafa murfin, ya yi murmushi.

"Ashe amarya ta yi mani gara. Komai na ciki?"

"Komai, Malam."

Da ta dawo ta iske gida shiru. Malam Tsoho na zaune a tabarma, an naɗe mashi ɗan yatsa da bandeji. Ashe da ya isa rafi ya sa hannu yadda ya saba, babbar ƙugiya ta shige mashi. Sai da Shamsu mai kemis ya cire ta, ya yi mashi allura.

Baba na tsaye. "Na faɗi. Daga yau ba rafi."

"Gangancina ne," in ji Malam Tsoho a hankali. Ya tura jakarshi bayanshi don kada a ga akwatin.

Yarinya ta kasa cin tuwo. Washegari babu makaranta. Da hantsi ta ga kakanta ya ɗauki gorar fatsa, ya shafa ta, ya mayar da ita bango. Ko tsokanarta bai yi ba. Sai hawaye.

Ta je ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ba idon Malam ba ne. Ni ce."

"Ke ce mi?"

Ta faɗi komai. Baba ya ce, "Kin tambaye shi kafin ki taɓa?"

"A'a. So na yi ya ji daɗi."

"To kin ga daɗin da ya ji. Je ki ba shi haƙuri."

Malam Tsoho ya ce, "Amarya ba ta laifi. Amma je ki jikin danga ki karyo mani kara."

Ta karyo, ta ɓare, ta fidda toto fari tas.

"Kin ga wannan da kika kira shara? Shi ke riƙe bakin ƙugiya. Ƙanana na karfasa ne, soka su ki sa hagu. Manya na tarwaɗa, dama. Toto guda ki bar shi, a zare nake ɗaura shi. In ya nutse, kifi ya ci."

"Tsumman fa?"

"Shi ke hana tsatsa. Roƙo mana wani wajen Innarki, a ɗiga mai."

"In maida su tsohon gwangwani?"

Ya girgiza kai. "Naki ya fi. Ruwa bai shiga, ga ɗakin zare daban, na dalma daban."

Da suka gama Baba ya zo ya tsaya. "Malam, ba ni ƙaramar ƙugiya."

Malam Tsoho ya ɗaga fuska sama, ya sa hannu, ya zaro ta.

"Babba fa?"

Ya zaro, ko ƙwarzane babu.

Baba ya yi dariya. "Shi ke nan. In yatsa ya warke ka koma. Amma sai an taso makaranta, ɗiyar nan ta raka ka."

Ranar da suka koma tarwaɗa suka kamo, mai gashin baki kamar na Malam Tsoho.

Yara, ko alheri za ku yi wa mutum, ku tambaye shi tukuna. Abin da kuka ga kamar shara, wataƙila shi ne idon mai shi.

Ga Inna can tana kira na. Da ma ina so in gaya maku wanda ya cinye kan tarwaɗar, don ba Malam Tsoho ba ne, amma sai wani lokaci.