Tsinken da Aka Goge

Ranar da ta fara shiga ɗakin ƙira, wani tsinken ƙarfe ne a tafin hannunta, bakinsa ya yi baƙi.

"Kai ne Maƙeri? Irin wannan nake so."

Ya ɗago kai, ya manta injin yankansa na juyawa. 'Yar Farfesa ce, shi ne shugaban wannan cibiyar bincike. A babban zaure akwai tukunyar ƙarfe da ake gasa iska a ciki har ta zama filasma, wutar da ake fata wata rana ta ba duniya lantarki. Aikinta shi ne zura tsinke a gefen wutar. Lantarkin da ya ɗebo, in an gwada shi da girman bakin tsinken, shi ke nuna kaurin filasmar. Digirinta kaf a kan wannan awo ya rataya.

Ba a jima ba saƙonni suka fara.

"Tartsatsina, tsinkenki ya shirya. Mai shi ma ya daɗe da shiryawa."

"Maƙerina, Allah ya shirye ka. Ina zuwa."

Da labari ya kai wa Farfesa, dariya ya yi. "Wanda ko sakandare bai gama ba? Ga Dakta yana jiranki?" Dakta mataimakinsa ne, kuma ya daɗe da sa rai.

Maƙeri kuwa ba ya son ganin baƙin ƙuna a kan kayanta. Kullum da safe sai ya bi tsinkayenta da takardar gogewa har su yi ƙyalli, bai gaya wa kowa ba. Bai san kowace guga tana rage musu kauri ba. Lambobin awonta suka yi ta sauka, ta rasa dalili, har ta rame.

Dakta ne ya kama shi, bai ce uffan ba sai ranar taron ma'aikata.

"Ku tafa wa angonmu. Ya ɗauka azurfar lefe ce."

Zaure ya kwashe da dariya. Farfesa ya sa shi ya ɗaga takardar gogewar sama kowa ya gani, sannan ya nuna masa ƙofa. Tana zaune a gaba, ba ta ko waiwaya ba. Kafin ya kai titi saƙonta ya shigo.

"Ka goge min wahalar shekara. Baba ya yi gaskiya. Kada ka sake kirana da wancan sunan."

Ya koma walda a bakin hanya. Dakta ya ba ta nasa tsinkayen, yana cewa, "Waɗannan hannun jahili bai taɓa su ba."

Don tsoro ta sa su a madubin ƙara girma. Ta sake dubawa. Su ma sun zaizaye, wutar ce ke cin su a hankali, kuma babu wanda ya taɓa sake auna tsinke bayan an ɗaura shi. Ta fara auna kowanne kafin shiga da bayan fitowa. Lambobi suka daidaita. Da aka buga binciken, sunan Farfesa ne a gaba, na Dakta na biye, nata a ƙarshe.

Ta same shi yana gyaran ƙofar wani shago.

"Ranki ya daɗe, me za a goge?"

"Kada ka yi min haka."

"Ke kika fara."

"Na sani." Idonta ya cika. "Sun ɗauke aikina, na zo in ga ko abin da na jefar yana nan."

Ya ajiye kayan waldar. "Ya zaizaye, Tartsatsi. Amma yana nan."

Farfesa ya yarda da aurensu ne da sharaɗi: surukinsa ba zai sake taka cibiyar ba, ita ma ta kwashe kayanta. Aka ɗaura aure, mahaifiyarta na kuka tana sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Kyautar Farfesa ta iso a ƙaramin kwali. Takardar gogewar nan ce.

Ango ya ƙame. Amarya ta karɓe ta, ta kamo hannunsa mai kantar aiki.

"Kawo nan. Wannan karon ni zan goge, kuma sai na auna tukuna."