Nonon Da Aka Zubar

Ranar wata Laraba da hantsi, Malama na zaune a bakin gado tana ba 'yarta nono, sai ga surukarta ta shigo da leda a hannu. Ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba. Ta fiddo gwangwanin madara uku da sabuwar fida ta jera a kan durowa, ta ce daga yau a cire yarinyar nan daga nono.

Malama ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. Yarinyar watanta biyar, ta yi kumatu da cinyoyi har kowa Ɓulɓul yake kiranta. Kuma wannan Mamar ita ce kullum ke cewa madarar gwangwani ta ragwayen mata ce masu tsoron ƙirjinsu ya zube. Da Malama ta tambayi dalili, sai Mama ta kau da kai ta ce nonon ne ba ya ƙosar da ita.

"Mama, dubi wuyanta fa. Sai na ɗaga tsoka uku kafin in wanke shi."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ta haifi bakwai, ba za ta tsaya musu da wadda ta haifi ɗaya ba. Da yamma aka kawo mata jakar kayanta, ta ce ta zo kwana biyu.

Mijin Malama mai haɗa wutar sola ne. Injiniya ake ce masa, ko da yake shi da kansa yakan ce digirinsa bai wuce tsani da sukuddireba ba. A makarantar da take koyarwa suka haɗu. Ya zo gyaran fankar ajinta, aikin rabin awa ya ja shi kwana huɗu, har yara suka fara tambaya ko fankar ce ba ta son gyaruwa. Shekararsu biyu da aure ba ta taɓa duba wayarsa ba. In aiki ya kai shi nesa ya yi mako biyu ko uku, ita ke shirya masa jaka, ta cusa masa maganin sauro a cikin takalmi don kada ya manta.

Da ya dawo ranar ta kai masa ƙarar Mama, tana jiran ya yi dariya. Sai ya tsaya yana kwance agogo kamar wani babban aiki, ya ce ta bi maganar Mama kawai. Tun jiya Talata ta lura da shi. Ba ya cin abinci, yana haɗiyar wasu kafso ja da baƙi da yayansa mai kemis ya ba shi, wai na ciwon ciki. Ya kuma koma kwana a falo, wai bayansa ke ciwo.

Ɓulɓul ta ƙi fida. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana ture robar da harshe, tana cusa kai a ƙirjin uwarta. Ƙirjin Malama ya cika ya yi tauri, rigarta na jiƙewa. Uwa dai uwa ce. Da zarar Mama ta shiga wanka ko barcin rana ya ɗauke ta, sai Malama ta tura ƙofa ta ba 'yarta nono. Haka ta yi Laraba, ta yi Alhamis, ta yi Juma'a, har tana jin daɗin wayon da take yi wa tsohuwa.

Ranar Asabar da azahar Injiniya ya dawo ɗaukar wata wayar wuta da ya manta. Ya turo ƙofar ɗaki ya same su. Ya fizge yarinyar daga ƙirjinta, nono na zuba a bakinta, ya rungume ta.

Malama ta gyara rigarta. Ta tashi ta murɗa makulli ta zare, ta tsaya a jikin ƙofar.

"Me ke cikin nonona?"

Ya ce babu komai. Ta sake tambaya, ba ta ɗaga murya ba. A karo na uku ya zauna a ƙasa da yarinyar a hannu, ya faɗa.

A aikin da ya je na ƙarshe, makonni uku da suka wuce, an sauke su a wani masauki. Akwai wata mai aiki a wurin. Sau ɗaya ne, in ji shi, kuma bai yi amfani da komai ba. Ranar Talata da safe ta turo masa saƙo cewa an gwada ta an samu HIV, ya je ya duba kansa. Ya ruɗe ya tafi wajen Yaya, Yaya ya ba shi kafso ya ce za su wanke jini, ya kuma gaya wa Mama. Su uku suka zauna a bayan kantin kemis suka yanke cewa kada a gaya mata. Za ta ɗaga hankali, danginta su ji, gari ya ɗauka. A dai raba jikar da nono a hankali, sauran a bar wa Allah.

"Sori, Malama. Wallahi na rasa yadda zan—"

"Ku uku," ta ce. "Kun zauna kun yi shawara a kan jinina, ni ina nan ina dafa muku abinci."

Abin da ya fi ƙona mata rai, Mama ta tuna da jikarta, ta je har kanti ta zaɓo fida mai hoton agwagwa, amma ba wanda ya tuna da ita. Sai kuma ta tuna ranar Litinin, ranar ƙarshe da ya kusance ta. Ta tuna kwana ukun da ta yi tana ba yarinya nono a ɓoye tana murmushi.

Da ta buɗe ƙofa Mama na tsaye a wurin, ta ji komai. Ta fara cewa mace ta gari ita ke rufa wa mijinta asiri, kuma asibiti cike yake da idon sani. Malama ta goya 'yarta, ta ɗauki katin asibiti, ta ce wa mijin ya wuce gaba. Ta ce in bai bi ta ba, daga can gidan ubanta za ta wuce, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili za ta faɗa.

Nas ɗin da suka samu dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta da lokacin kewaye-kewaye. Ta tambayi Malama yaushe rabonta da mijin, ta ce Litinin. Ta tambayi Injiniya yaushe ya sani, ya ce Talata. Nas ta ƙirga da yatsu, ta ajiye biro.

Ta ce akwai maganin kariya da ake ɗora mutum a kai idan ya zo cikin kwana uku, ya sha na wata guda. Nasa lokacin ya wuce tun kafin ya ji labari. Amma na matarsa, da sun zo Talata, ko Laraba, ko Alhamis ma, da likita ya duba ko ya dace a ba ta. Yau kwana biyar.

"Ina kuke duk kwanakin nan?"

Injiniya ya fiddo kafson Yaya ya nuna mata, ta juya su ta ce wannan na gudawa ne, ta jefa a kwandon shara.

Aka ɗebi jininsu su biyu, duk ba a ga komai ba. Injiniya ya fara ajiyar zuciya, nas ta ce ya dakata, nasa sakamakon bai isa a dogara da shi ba tukuna, don cutar ba ta nunawa da wuri. Sai ya cika mako shida a yi na babban lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, sannan a rufe da na wata uku. In shi ba ya da ita, to ita ma da yarinyar ba su da ita. Ta ƙara da cewa ba kowace haɗuwa ake ɗauka ba, kuma ko an samu, akwai magani, mutane na rayuwa da shi su haifi 'ya'ya lafiya. Likita ya ce tunda suna da ruwa mai tsabta, a ci gaba da madarar har sakamakon lab ya fito, ita kuma ta riƙa tatsewa don kada nonon ya ƙafe.

Malama ba ta tafi gidan ubanta ba. Ta ce wa Mama cikin ladabi ta koma ɗakinta, an gode. Mijin ya ci gaba da kwana a falo, wannan karon ba da ƙaryar ciwon baya ba.

Sau shida a rana take zama da kofi ta tatse nononta, ta kai wurin wanke-wanke ta zubar, ta bi da ruwa. Yarinya na ɗaki tana kukan yunwa, abincinta na bin bututu. Ɗan ƙurji in ya fito wa Ɓulɓul sai ta kai ta gaban taga ta yi ta dubawa. Wata rana ita kanta ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ta zauna a ƙasan kicin ta tabbata shi ke nan. Mura ce, kwana biyu ta tafi. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

Injiniya ya daina karɓar aikin nesa. Shi ke dafa fida, shi ke goya yarinya da tawul yana zagaya falo. Yakan ajiye wayarsa a buɗe a gabanta, ita kuwa ko kallo ba ta yi. Sau ɗaya ya ce mata ya gwammace ta zage shi da wannan shirun. Ta ce zagi na wanda ake sa ran zai ji ne.

Sakamakon lab ya fito babu komai. Likita ya ce ta iya mayar da yarinya nono. Tun a mota ta kasa haƙuri, suna isa gida ta zauna ta ɗora ta a ƙirji. Ɓulɓul ta kalli nonon, ta juya kai, ta miƙa hannu wajen fida. Malama ta gwada kwana da kwanaki, yarinyar ta manta. Ranar da ta haƙura ce Malama ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko, Injiniya kuma ya tsaya a bakin ƙofa, bai isa ya shigo ba.

Da wata uku ya cika aka sake gwada su, har da yarinyar don hankalin uwar ya kwanta. Duka lafiya.

Da la'asar Mama ta zo da Yaya. Mama ta ce to ba ga shi ba, babu komai, an dai tayar da hankalin gida a banza. Yaya ya ce shi ya san kafson nan ba sa ƙarya. Malama ta buɗe baki, amma mijin ya riga ta. Shi da bai taɓa musa wa uwarsa ba, ya durƙusa a gabanta ya ce Allah ne ya tsare, ba dabararsu ba. Ya ce laifin farko nasa ne shi kaɗai, amma na biyu su uku suka yi, kuma da abin ya zo da akasi, da sun sa uwa ta shayar da 'yarta cuta da hannunta. Ya ce shi ya roƙi gafara, saura su.

Mama ta juyo wajen Malama. Ta ce, "'Yar nan, na tuna da nawa na manta da ke. Ki yafe mini." Yaya ya yi tari ya ce shi ma haka.

Bayan sun tafi, Injiniya ya tambaye ta ko za ta iya komawa yadda suke da.

"Yadda muke da ya wuce," ta ce. "Na yafe, amma yarda sai ka sake nema, kuma ba ta kwana huɗu ba ce. Duk ranar da wani abu ya shafi jikina, ni za a fara gaya wa, kafin Yaya, kafin Mama."

Ya ce ya ji. Ya nema kuwa, ya kuma daɗe yana nema. Yau suna nan tare da 'ya'ya uku, kuma duk shekara su biyu suke zuwa gwaji, shi ke tuna mata.

Haƙurin Malama ya biya ta, amma ku lura, ba haƙurin zama a ɗaki ta yi ba, sai da ta je asibiti tukuna. Ku samari, ku tsare kanku, wannan shi ne na farko. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya tafi asibiti kafin kwana uku, ya kuma gaya wa matarsa da bakinsa a ranar da ya sani. Kunyar da ake gudu ta yini ɗaya ce. Su sun guje ta, wata baiwar Allah ta yi makonni tana zubar da abincin 'yarta a bututu.